Rabon Faɗa a Kan Ƙanƙara

Duk faɗin Masar, in ka tara waɗanda suka iya alƙalancin wasan hokin ƙanƙara, ƙaramar bas guda za ta kwashe su har a samu wurin ajiye kaya. A cikinsu baƙar fata ɗaya ne tal: Kamilu, mutumin Gusau, wanda aka turo Alƙahira karatun Shari'a. Iyayensa sun sallame shi da addu'ar ya dawo alƙali. Ya gama karatun lafiya lau, amma bai koma ba, kuma har gobe ba a gama yi wa mahaifinsa bayanin irin alƙalancin da yake yi ba.

Zafi ne ya jawo komai. Wata ranar bazara da ɗakinsu na Abbasiya ya koma tanda, ya faɗa wani katafaren mol, rukunin shagunan zamani, a unguwar Madinat Nasr don ya sha sanyin na'ura kyauta, kamar yadda kowane ɗalibi mai hankali yake yi. A hawan ƙasa ya tarar da fili an daskarar da ruwa, mutane suna sulalawa a kai da takalma masu wuƙa a ƙarƙashi. Ya karɓi aro, ya hau, ya sha ƙasa. Ya tashi, ya sake sha. Wani irin taurin kai ne da shi wanda ba ya fitowa a baki, don haka washegari ya dawo, jibi ma ya dawo. Kabtin Mu'tasim, wani Bamisire da ya yi zaman Kanada ya dawo yana koya wa matasa hoki a filin, ya zuba masa ido na 'yan watanni sannan ya kira shi.

Wasan kansa, ga wanda bai taɓa gani ba, gudu ne a kan ƙanƙara da sanduna a hannu, ana korar wani baƙin faifan roba mai girman waina zuwa raga. Ana ture juna, ana manna mutum da katangar fili, kuma doka ta yarda da mafi yawan wannan. Kamilu bai taɓa iya sarrafa sanda ba. Amma yana gudu da baya kamar yadda wasu ke gudu da gaba, kuma idonsa ba ya ƙarya. Sai Kabtin ya karɓe sandar, ya ba shi usur da riga mai ratsin baƙi da fari, ya mayar da shi mai kula da layi.

Alƙalai uku ne a fili. Babba yana ɗaura ƙyalle ruwan goro a damtse, shi ke yanke hukunci. Ƙanana biyu su ke kula da layi: su busa satar gida, su saki faifai a tsakanin 'yan wasa, in kuma faɗa ya kaure su raba. A kan wannan na ƙarshen Kabtin ya fi tsayawa, har ya gundure su. Ba a shiga faɗa mutum ɗaya. Ka tsaya, ka jira abokin aikinka ya iso, ku haɗa ido, ku shiga tare, kowa ya kama guda a lokaci ɗaya. "Istanna, ya Kamil, ka jira!" haka yake ihu a wajen atisaye. "In ka riƙe ɗaya kai kaɗai, ɗaure shi ka yi ka miƙa wa ɗayan." Kamilu ya haddace wannan kamar yadda ya haddace babukan fiƙihu, ya kuma yi aiki da shi sau da yawa ba tare da ya kuskure ba.

Shekaru suka tura. Ya yi aure, ya haihu, yana koyar da Larabci ga sababbin ɗalibai da rana, yana kan ƙanƙara da asuba. Abu ɗaya ya rage masa: kwas ɗin da ake yi a Turai, wanda in ka ci ake ba ka lasisin busa wasannin ƙasa da ƙasa, daga nan kuma sai ƙyallen damtse. Daga nan ne aikin ke zama sana'a. A bana aka ba Masar gurbi guda, aka turo wata baturiya mai furfura, tsohuwar alƙaliyar wasa, ta zo ta kalli wasa ɗaya ta zaɓa. Mutum biyu ne a layi, Kamilu da wani matashi Ubaida. Ubaida in ya rasa bana yana da baɗi. Kamilu kuwa shekarunsa sun zo bakin iyakar da aka yanke, in wannan ta wuce shi ke nan.

Matsalar ita ce wasan da aka zaɓa na 'yan kore ne da 'yan ja, kuma Harun yana cikin 'yan kore.

Harun ƙanin matarsa A'i ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, ya zauna unguwar Ainu Shams ta Alƙahira har Allah ya karɓi abinsa, a nan aka haifi yaran. Harun ya tashi yana jin Larabcin titi fiye da Hausa, ga gudu, ga zuciya a kusa. Kamilu ne ma ya fara kai shi filin. Da ya ga jadawalin sai ya je wurin Kabtin ya ce a canza shi, ƙanin matarsa ne.

Kabtin ya yi dariya. "In canza ka da wa? Da bawwab, mai gadin mol? Duk wanda ke filin nan ɗan'uwan wani ne. Ni zan riƙe hukunci, kai layi kawai za ka duba. Khalas, magana ta ƙare, baturiyar nan ranar Asabar za ta tashi."

Ranar Alhamis bayan la'asar suka je Ainu Shams gaida Hajiya Rabi'atu, mahaifiyar A'i. Kamilu ya tuɓe takalmi tun daga matakala, ya durƙusa bakin ƙofar falo kansa a ƙasa, kamar kullum. Duk shekarun auren nan bai taɓa zama a kujera gabanta ba, ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Harun yana kwance a doguwar kujera yana naɗe sandarsa da tef.

"Ranka ya daɗe alƙali," in ji Harun. "Gobe in na yi satar gida ka yi atishawa, ka ce ba ka gani ba."

"Ko da faratan ƙafarka ka tsallake sai na busa," in ji Kamilu a hankali, don kada muryarsa ta ɗaga gaban suruka.

"Kin ji ko, Anti? Shi ya sa na ce ki auri Bamisire."

A'i ta jefe shi da matashin kujera. Ana cikin dariya Hajiya ta ajiye carbinta ta ce gobe da ita za a je. Duk suka juyo suna kallonta. Matar da ba ta taɓa taka mol ba, wadda take kiran wasan haukan sanyi.

"An ce mini wata nasara ta taho tun daga ƙasarsu don ta ga aikin Malam," ta ce. "To ni mi zai hana in gani? Kuma wanga yaro kullum shina zuwa mini da kumburi. Ina son in ga mai yi mishi." Ta juya wajen ƙofa ba tare da ta dube shi ba. "Malam, ga ƙanenka nan. Ka san halinshi, na ubanshi ne. Tun da kana wurin, hankalina kwance."

"In sha Allahu, Hajiya," in ji Kamilu. Me zai ce? Ya buɗe baki ya yi wa surukarsa bayanin dokar jiran abokin aiki?

A jirgin metro, suna komawa, A'i ta lura ya yi shiru. Ita ta san wasan, ta sha zama a benci da ɗiyarsu Hanifa a cinya.

"Abban Hanifa, kada maganar Inna ta tsaya maka a rai. Ka yi aikinka yadda ka saba."

"Mai lamba huɗun nan na 'yan ja yana nan," ya ce. "Wancan karon ma da ƙyar aka rabu."

"Zan yi wa Harun magana."

"Kin taɓa yi masa ya ji?"

Jirgin ya tsaya, suka sauka.

Safiyar Juma'a Alƙahira tana barci, tituna fayau, shi ya sa masu mol suke ba 'yan hoki filin a lokacin. Shaguna duk a rufe, fitilun filin kaɗai ke ci. 'Yan kallo ba su taka kara sun karya ba: iyaye, 'yan'uwa, wasu ɗaliban Najeriya da Nijar da suka zo kara. Hajiya ta zauna a layin gaba dab da gilashi, an lulluɓe ta da bargo biyu, A'i a gefenta. Baturiyar kuwa can sama ta hau ita kaɗai, ta harɗe hannuwa, ba ta gaisa da kowa ba. Kamilu ya ɗaure igiyar takalminsa, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ubaida ya dafa kafaɗarsa ya ce masa Allah ya ba mai rabo, kuma da gaske yake, yaron ba shi da mugunta.

Kashin farko ya tafi lami lafiya. Kamilu ya ji ƙafafunsa sun ware, yana isa layi kafin faifai ya iso, yana sakin faifai daidai tsakiya. Sau ɗaya ya ɗaga ido sama, ya ga baturiyar shi take kallo.

A kashi na biyu aka turo wa Harun faifai daga nesa. Ya fizga kamar an harba shi, ya wuce mutum biyu, ya zuba a raga. 'Yan kara suka tashi da ihu. Amma hannun Kamilu yana sama tun kafin nan, usur ya riga ya tashi: takalman Harun sun tsallake shuɗin layi kafin faifan, da ɗan abin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Aka soke. Harun ya zagayo ya wuce ta gabansa.

"Haba Yaya! Gaban Inna?"

"Koma wurinka," in ji Kamilu bai dube shi ba.

Daidai ya yi, kowa ya sani, Kabtin ma ya kaɗa masa kai. Sai dai daga wannan lokacin Harun ya fara wasa da haushi, mai lamba huɗu kuma ya shinshino. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, irin 'yan wasan da ba su da wata fasaha sai tsokana. Duk haɗuwa sai ya manna Harun da katanga, ya ɗan jinkirta kafin ya sake shi, ya raɗa masa wani abu. Kamilu yana kusa sau ɗaya, ya ji. Maganar launin fata ce, irin wadda kowane baƙi a garin nan ya sha ji daga bakin 'yan tasha, ya haɗiye. Ya sanar da Kabtin a tsayawar da ta biyo baya. Kabtin ya ja kunnen ƙaton, ƙaton ya buɗe hannuwa yana rantsuwa bai ce komai ba.

Da aka zo sakin faifai Kamilu ya sunkuya kusa da Harun ya ce da Hausa, "Kai, ka yi wa Allah ka share shi. Yau kawai."

Harun ya kafe ido a kan faifan. Numfashinsa kawai ake ji.

Saura kaɗan kashin ya ƙare, 'yan ja suka doka faifai tun daga gidansu har ƙarshen fili, abin da doka ta hana, aka busa. Ubaida ya bi faifan can ɗaya ƙarshen don ya ɗauko, aikinsa ne. Kabtin ya juya wajen bencin 'yan kore, kocinsu na ƙorafi. A wannan ɗan tsakanin, da wasa a tsaye, ƙaton ya wuce ta bayan Harun ya sa bakin sanda ya zungure shi a bayan gwiwa.

Harun ya yar da sanda. Ya yar da safar hannu. Ƙaton ma ya yar da nasa, yana murmushi, abin da yake nema ke nan tun safe.

A kusurwar suke, dab da gilashin da Hajiya take zaune, Kamilu kuma taku kaɗan daga gare su. Ya busa, ya matso, ya tsaya inda doka ta ce ya tsaya. Ya ture sandunan gefe da ƙafa. Ya waiga: Ubaida ya juyo, yana tahowa da gudu, amma filin da kullum ake raina ƙanƙantarsa yau ya yi tsawo. Kabtin yana tare sauran 'yan wasa kada su shigo. Su biyun sun cafki rigar juna, suna juyawa. Ƙaton ya kai naushi ya samu hular kwano, hular ta fita ta gangara. Harun ya sunkuya, ya rama a haƙarƙari. Gaskiyar magana, ba cin Harun ake yi ba. Ya san abin da yake yi, ya sa hannun hagu ya tokare kafaɗar ƙaton yadda naushin ba zai iso da ƙarfi ba. Da an bar su, da numfashi kaɗan za su gaji su rungume juna, a shiga a raba.

Kamilu ya san haka. Yana tsaye yana faɗa wa kansa ka jira, ka jira, ga Ubaida nan.

Sai aka buga gilashi da tafin hannu. Hajiya ce a tsaye, bargo ya zame, fuskarta dab da tasa, gilashi kaɗai a tsakani. Karon farko ke nan da suka haɗa ido tun da ya auri ɗiyarta.

"Malam! Kana kallo?"

Ba tsawa ta yi ba. Mamaki ne a muryarta, shi ya fi ciwo.

Bai san lokacin da ƙafarsa ta tura ba. Ya ji Kabtin daga nesa yana "Istanna!", ya ji, amma kamar da wani ake. To ko da ya shiga shi kaɗai, da ƙaton ya kama, da abin ya zo da sauƙi: a ce ya yi gaggawa, a rage masa maki, ƙila ya sha guda a kunne. Amma mu inda muka fito ba haka ake rabon faɗa ba. In ɗanka na faɗa da ɗan maƙwabci, naka kake kamawa. In ƙaninka ne, shi kake ja baya, kana ba ɗayan haƙuri. Wanda ya kama ɗan mutane ya bar nasa sake ba rabo ya zo ba, taron dangi ya zo yi, kuma unguwa ba za ta manta masa ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da Kamilu ya koya masa wannan. A ƙofar gidansu ya gani, a makarantar allo, a bakin rijiya, tun bai san hagu da dama ba. Karatun Kabtin a kai yake, wannan kuwa a hannu yake, hannun ne kuma ya riga isa.

Ya rungumo Harun ta baya, ya haɗe masa hannuwa biyu da ƙirji, ya ja shi, bakinsa yana cewa ƙaton, "Ma'alish, ma'alish, khalas."

A gida, in ka riƙe naka ka ba da haƙuri, ɗayan yana jin kunya ya sauke hannu. Ƙaton nan ba a Gusau aka haife shi ba. Hannun da ke tokare shi ya ɓace, ga fuska a buɗe ba hula, naushin kuma ya riga ya taso. Ya sauka a muƙamuƙi. Kamilu ya ji ƙarar a cikin ƙirjinsa, don ƙirjin nasa yana manne da bayan yaron. Na biyu ya biyo kafin Ubaida ya iso ya rufe ƙaton da jikinsa.

Harun ya yi nauyi a hannunsa. Suka sulale tare zuwa ƙasa. Jini a kan ƙanƙara ba ya bazuwa kamar a ƙasa, tsayawa yake wuri ɗaya, ja wur. Harun ya ɗago yana son yin magana, bakin ya ƙi rufuwa daidai. Bai dubi ƙaton ba. Hannuwan Kamilu ya duba, waɗanda har lokacin ba su sake shi ba.

Aka fitar da shi, A'i da Hajiya da ɗaliban suka bi. Aka kori ƙaton daga wasan. Aka kawo abin kankara aka kankare wurin, aka watsa ruwa. Saura kashi guda cur, kuma ba wani mai kula da layi a Masar da ke zaune yana jira. Kamilu ya ɗauki faifai ya koma tsakiya. Ya busa abin da ya kamata ya busa, bai kuskure ko ɗaya ba, abin haushin ke nan. Hannun rigarsa na dama ya jiƙe, farin ratsin ya koma ja, bai lura ba sai da aka tashi.

A ɗakin canza kaya baturiyar ta same su. Ta yi wa Ubaida 'yan gyare-gyare, sannan ta ja kujera ta zauna gaban Kamilu. Da Turanci take magana, a hankali, ba faɗa.

Ta ce ta daɗe ba ta ga mai karanta layi kamarsa ba. Ta ce soke cin da ya yi daidai ne, mutane da yawa ba za su gani ba. Ta ce shiga shi kaɗai kuskure ne, amma ta sha ganin irinsa, tsoro kan sa haka, ana gyarawa. Abu ɗaya ne ba ta gane ba.

"Babban yana kusa da kai. Bayansa ma yana wajenka. Ka zagaye shi, ka je ka kama ƙaramin. Me ya sa?"

Kamilu ya dubi igiyar takalminsa. "Nawa ne," ya ce.

Ta juya wajen Kabtin, ta ɗauka Turancin ne ya gaza. Kabtin ya ce mata Harun ƙanin matar Kamilu ne. Ta sake duban Kamilu, kuma ya ga ta ƙara ruɗewa.

"Naka ne, shi ya sa ka riƙe masa hannu?"

Ya so ya yi bayani. Ya nemo kalmomin da Turanci, ya nemo da Larabci, ya ga ko da Hausa ma, a cikin ɗakin nan, maganar ba za ta tsaya da ƙafarta ba. Ta jira shi, har ga Allah ta jira. Daga baya ta miƙe ta ce ba za ta iya tura mutumin da ba ta san abin da hannunsa zai yi ba in abu ya ɓaci. Ta ba shi hannu, ta ba Ubaida, ta ce wa Ubaida ya shirya fasfo.

Ubaida bai yi murna a gabansa ba, ya tattara kayansa ya fita sumsum. Kabtin ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu. Wannan mutum da bakinsa ba ya hutawa, yau sai ya ce, "Yalla, je ka duba yaron," ya kashe fitila ɗaya.

Bayan an sauko daga Juma'a ya isa asibitin. A'i ya fara gani a baranda, idonta ya kumbura. Ta ce muƙamuƙin ya karye gida biyu, an ɗaure haƙoran da waya, sai ya yi makonni yana shan abu da tsinke. Ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi yadda aka yi da baturiyar ba. Ba ta kuma ce masa ba komai ba. Ita ta san wasan.

Ɗakin cike yake da matan Ainu Shams, 'yan Nijar da na Najeriya, an zo jaje. Harun yana kwance an naɗe masa kai da haɓa, idanunsa kaɗai ke motsi. Kamilu ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa. Yana jiran abin da ya cancanta, kuma wallahi da ta zage shi da ya ji sauƙi.

"Ga shi nan," in ji Hajiya ga matan. "Ga wanda nike ba ku labari."

Matan suka juyo.

"Duk mazan da ke wurin, ba wanda ya motsa. Larabawan nan tsaye suna kallo kamar ana dambe. Shi ɗai ya shiga. Kuma ku ji, bai taɓa ɗan mutane ba, ko da yatsa. Nashi ya kama, shina ba wancan azzalumi haƙuri. Ɗiyan yanzu wa zai yi haka? Wanga an san gidan da ya hito." Ta share ido da bakin mayafi. "In ba don shi ba, da Allah kaɗai ya san abin da za a yi wa yaron nan. Malam, Allah shi yi ma albarka. Allah shi ba ka masu yi maka yadda ka yi muna."

Matan suka amsa da amin, ɗakin ya ɗauka. Kamilu ya ɗago kaɗan. Harun yana kallonsa ta tsakanin bandeji, ido cikin ido, ba ƙiftawa. Harun kaɗai a ɗakin, ban da yayarsa da ke tsaye a waje, ya san wanda ya karya masa baki, kuma an ɗaure bakin da waya.

"Ba ka ce amin ba, Malam," in ji wata tsohuwa.

"Amin," in ji Kamilu.

"Ita kuma nasarar ai ta gani da idonta," Hajiya ta ci gaba, tana gyara wa Harun bargo. "Ba sai an hwaɗa mata ko kai wane ne ba. To yaushe ne tahiyar? Ka hwaɗi da wuri, in sa a yi maka kilishi."